Darasi na 9: Abinci mai sauri kuma mai gina jiki ga macen da aiki ya yi wa yawa

Ga jagora

Wannan darasi zai ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an kulle akwati. Tun saura mako guda ki roƙi mata uku ko huɗu su zo da ɗan gero, waken soya, gyaɗa, busasshen zogale da zoɓo, ko da cikin tafin hannu ne. A tanadi tukunya, murhu, ruwa mai tsabta, sabulu da ƙaramin cokali. Kada ki karanta musu darasin tun daga farko har ƙarshe kamar mai karanta sanarwa. Ki karanta kaɗan, ki tsaya, ki bar su su yi magana, don ba shakka a cikinsu akwai wadda ta fi ki sanin tukunya.

Inda matsalar take

'Yan uwa mata, kowaccenmu ta san yadda wunin damina yake. Daga sallar asuba sai ɗebo ruwa, sai shara, sai surfe, sai kai abinci gona, ga awaki na kuka, ga goyo a baya. Wadda take sana'a kuma ga kaskon suya ko keken ɗinki yana jiran ta. Ranar kasuwa ba a ma magana. A irin wannan wuni, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗumama tuwon jiya, a dama farau-farau, ko a miƙa wa yaro kuɗi ya je shago ya sayo biskit da taliyar leda. Ciki ya cika, yaro ya yi shiru, an wuce wurin.

To amma cikar ciki daban, ginuwar jiki daban. Yaron da yake wuni a kan koko tsararo da biskit zai iya ƙoshi, amma ba zai yi girman da ya kamata ba, kuma ciwo kaɗan sai ya kwantar da shi. Uwar da take karyawa da ruwan shayi ta wuni tana aiki, ita ce za ki ji tana kukan jiri da kasala. Kuma duk ranar da ciwo ya shigo gida, kuɗin da aka daɗe ana tarawa a akwatin nan su ne suke tafiya wajen magani da kuɗin mashin zuwa asibiti. Shi ya sa maganar abinci ta shigo littafin adashi.

Ki tambaye su: jiya me kika ci da safe, kuma ƙarfe nawa? Me ƙaramin yaronki ya ci tsakanin karin kumallo da abincin dare? A bar kowa ta faɗi gaskiya, ba a yi wa kowa dariya.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai uku. Abinci ma kashi uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai. Akwai mai gina jiki: wake, waken soya, gyaɗa, gurjiya, riɗi, nono, ƙwai, kifi, nama, har da fara. Akwai kuma mai kare jiki daga cuta: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuka, kabewa, tumatir, karas, mangwaro, gwanda, gwaba, lemo.

Na farkon ba ma rasa shi, don shi ne tuwo, shi ne kunu. Na biyu da na uku su ne suke faɗuwa idan lokaci ya ƙure. Don haka duk dabarar da za mu koya yau ɗaya ce: a yi aiki mai wuyar a ranar da ake da sarari, a ajiye, ta yadda a ranar da ba sarari minti goma ko sha biyar ya isa a haɗa duwatsun nan uku a kwano ɗaya.

Garin kunu na ajiya

Idan abu ɗaya kawai za ki ɗauka daga wannan darasi, to ki ɗauki wannan. Gari ne da ake haɗa hatsi da waken soya da gyaɗa, a soya su, a niƙa tare. Ma'aikatan lafiya da yawa suna kiran sa Tom Brown. Ma'auninsa ba wuya: hatsi 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Idan da gwangwani kika auna, gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken soya, gwangwani 1 na gyaɗa. Idan ƙungiya ce za ta yi da yawa, sai a auna da mudu, lissafin bai canja ba. Za ki iya raba hatsin, rabi gero rabi dawa, ya fi daɗin baki.

Hatsin ki tsince shi, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe sosai, sannan ki soya shi sama-sama a kasko ba mai, har ya fara ƙamshi. Kada ki surfe shi tas, dusar nan da muke ba awaki akwai amfani a cikinta.

Waken soya shi ne yake son haƙuri. Ki tsince, ki jiƙa shi ya kwana, da safe ki murje ɓawon ki wanke, ki shanya har ya bushe ƙarau, sannan ki soya da wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi ja-ja, ƙarnin nan nasa ya tafi. Waken soyan da bai soyu ba yana kumbura ciki, jiki kuma ba ya samun amfaninsa yadda ya kamata. Idan kika tauna ƙwaya ɗaya kika ji ƙarni, da saura.

Gyaɗa kuwa, ki zauna ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta yamushe, ko ta yi fumfuna, ko take da ɗaci, ki zubar. Akwai wata guba da take fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara, ido ba ya ganin ta, suya da dafuwa ba sa kashe ta, tana lahanta hanta tana kuma hana yaro girma. Mun saba mu ce ai za a soya, ko mu ce a bar rubabbiyar a yi ƙuli da ita. Wannan ba tattali ba ne. Bayan tsinta sai ki soya, ki murje jan ɓawon, ki fece.

Idan duk sun huce, ki haɗa su ki kai inji. Ki dubi injin da kyau: kada ya zama yanzu aka gama markaɗen kayan miya ko niƙan barkono a cikinsa, don danshi zai lalata garin, yaji kuma zai hana jariri sha. Da an niƙo, ki baza garin a faranti ya sha iska ya huce kafin ki zuba a roba ko bokiti mai murfi, busasshe. Garin da aka rufe da zafinsa yana yin gumi, gumin kuma shi ke kawo fumfuna. Saboda man gyaɗar da ke ciki, kada ki niƙa fiye da abin da gidanki zai shanye cikin wata guda. Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Damun kuwa ba komai: ki kwaɓa garin da ruwan sanyi, ki zuba cikin tafasasshen ruwa kina juyawa, ki bar shi ya dahu kamar minti goma. Kafin yara su gama wanka an sauke. Manya za su iya sa citta da kanumfari da tsamiya, amma a ɗebi na jariri tukuna.

A nan sai mun ɗan tsaya a kan kunun jariri. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Da ya cika wata 6 sai a fara ba shi kunu, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsinka kunun ya zama kamar ruwa don ya yi saurin shanyewa. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, idan kika cika shi da ruwa ina abincin zai shiga? Kunun ya yi kauri, yadda idan kika karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ki ƙara masa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, wata rana garin zogale kaɗan, wata rana dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka tankaɗe. Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a wuni. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. A ba shi da cokali da kofi, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci. Ban da ɗura, ban da zuma kafin ya shekara.

Wannan gari abinci ne, ba magani ba ne. Yaron da ya rame sosai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko aka auna damtsensa da igiyar awo ta nuna ja, asibiti za a kai shi a ranar, ba a tsaya jiran kunu ba.

(Jagora: a dama kunu iri biyu a gaban kowa, ɗaya tsararo ɗaya mai kauri. A zagaya da cokali kowa ta karkata ta gani.)

Wake ba ya cin itace idan an san shi

Mata da yawa suna guje wa wake saboda yana cin lokaci yana cin itace. Maganin yana cikin kwano da ruwa. Kafin ki kwanta ki tsince waken ki jiƙa. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa. Za ki ga ya nuna da wuri fiye da wanda aka ɗora a bushe, kuma bai cika kumbura ciki ba.

Wanda aka jiƙa ba ya bukatar kanwa mai yawa, sau da yawa ma ba ya bukatar ta sam. Kanwa tana sa wake da ganye su yi laushi da sauri, gaskiya ne, amma tana kashe wani ɓangare na amfanin abincin, kuma gishiri ce a jiki. Mai hawan jini, mai ciki da mai jego su yi hattara da ita. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan shan kunun kanwa lokacin jego saboda yana ɗora wa zuciya nauyi. Wannan magana iyayenmu da surukanmu ba kasafai suke son jin ta ba, sai a bi su da ladabi, a ce Inna, haka malamar asibiti ta ce a rage.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa masa tsohon bargo ko tsummoki masu tsabta, ko ki cusa masa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa cikin buhu. Ki ɗora jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, ki sauke tukunyar da murfinta a rufe, ki sa ta cikin kwandon nan da nan, ki lulluɓe ta ko'ina har sama. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dafuwar. Ki tafi gona ko kasuwa, bayan awa uku ko huɗu ki dawo ki tarar ya nuna, bai ƙone ba, ba a kuma bar yara da wuta ba. Sharaɗin shi ne kada a buɗe a tsakani. Idan kin daɗe har tukunyar ta huce, ki mayar da ita wuta ta sake tafasa kafin a ci.

Ɗan wake ma yana cikin abincin gaggawa, in dai garin yana ajiye. Ranar da kike da sarari ki haɗa garin wake da garin rogo da kuka ki ajiye a busasshiyar roba. Ki bar waken ya fi yawa, don wasu garin ɗan waken na kasuwa kusan duk rogo ne ko fulawa, sunan wake kawai ya rage. Ranar bukata sai kwaɓi da jefawa a tafasasshen ruwa. A ci da mai da yaji, amma kada a tsaya nan: a yanka tumatir da albasa, kabeji in akwai, da dafaffen ƙwai ko da rabi-rabi ne.

Kwaɗo da fate

Kwaɗon zogale kowa ta iya shi, gyara biyu kawai yake so. Na farko, kada a dafa ganyen har ya yi baƙi a tsiyaye ruwa mai yawa a zubar. Ruwa kaɗan, dafuwa kaɗan. Na biyu, a sa masa ɗan mai da tumatir ko a matsa lemon tsami. Man yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin da ke gyara ido da fata, tsamin kuma yana taimaka masa ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganyen. Idan ƙuli-ƙulinki dakakke ne yana cikin kwalba, kwaɗo bai fi minti goma sha biyar ba. Haka rama, haka tafasa. Lokacin da zogale ya yi yawa, a tsinke a wanke a shanya a inuwa, cikin ɗaki mai iska, ba a tsakar rana ba, don rana tana cinye amfaninsa. Wanda ya bushe da kyau kore shar yake zama.

Fate kuwa alherinsa shi ne tukunya ɗaya, wuta ɗaya, wanke-wanke kaɗan. Faten tsaki da yakuwa da dakakkiyar gyaɗa, ko faten wake da dankali da manja, duk sun haɗa duwatsun nan uku ba tare da an yi tuwo daban miya daban ba. Idan ana samun dankali mai jan ciki a yankinku, shi ya fi, don yana da sinadarin nan na ido irin na karas da kabewa. Ganye a zuba shi a ƙarshe, dab da saukewa. A rage dunƙulen magi, a mayar da daddawa wurinta, gishiri kuma a sayi mai sinadarin aidin, wanda yake hana maƙoƙo.

Abincin da aka dafa ya wuce awa biyu a ajiye, musamman a zafin bazara, a ɗumama shi har ya yi tururi ko'ina kafin a ci. Ɗumi-ɗumi bai isa ba. Na jariri kuwa gara a dama masa sabo.

Abin sha

Lemon kwalba da garin lemo na leda mafi yawansu ruwa ne da sukari da kala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada sukarin da yake sha a wuni ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. A cikin wannan lissafi har da na shayi, da na kunu, da na zoɓo, da zuma da mazarƙwaila. Don haka zoɓon gida ma idan aka ɗura masa sukari ya koma ɗan uwan na kwalba.

Zoɓo: ki wanke shi sau biyu don yashi, ki tafasa da citta da kanumfari, da ɓawon abarba da aka wanke in akwai, ki tace, ki bar shi ya huce a rufe. Sukari ki sa rabin wanda kika saba. Mako na farko yara za su yi ƙorafi, daga baya baki ya saba. Mai ciki kada ta yawaita shan sa, mai shan maganin hawan jini kuma kada ta ajiye maganinta ta ce zoɓo ya isa.

Tsamiya ta fi zoɓo sauri, jiƙawa ce kawai a ruwan zafi a tace. Farin garin nan da ke cikin 'ya'yan kuka shi ma jiƙa shi ake yi, yana da sinadarin nan na lemo mai yawa, ga shi kyauta a dajinmu. A dama shi da nono ko a zuba a kunu bayan an sauke. Kunun aya da dabino ba ya bukatar sukari ko kaɗan, sai dai ba ya jure zafi: idan babu sanyi, cikin 'yan awoyi ya yi tsami, don haka a yi daidai wanda za a shanye. Fura da nono kuwa cikakken abinci ne ga mai aikin gona, in dai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, aka kuma dama da ruwa mai tsabta.

Ruwan nan shi ne gaba da komai. Zoɓon da aka tafasa aka kuma tsinka shi da ɗanyen ruwan rijiya ko ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, an koma gidan jiya. Masu sayarwa a cikinmu, ku saurara da kyau: robar da za ki ɗura zoɓo ko kunu ki san inda ta fito, ban da ta bola, ban da ta harabar asibiti, ban da wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi. A wanke da sabulu da ruwan zafi, har murfin, a kife ta bushe. Kada a hura leda da baki don ta buɗe. A yi amfani da mazurari da ludayi, hannu kada ya taɓa abin shan. Yaro ɗaya ya yi gudawa a ce zoɓon gidan wance ne, cinikinki ya mutu a unguwar.

Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, a bari kamar awa ɗaya ta wuce, don ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini. Ƙananan yara ba sa bukatar sa.

Abin taɓawa na aljihu

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba, duk mun san su: soyayyiyar gyaɗa, dafaffiyar gurjiya, kantun riɗi, dakuwa, ƙuli-ƙuli, awara, dafaffen dankali, gasasshiyar masara, dabino, goruba, magarya, mangwaro da gwaba a lokacinsu. Abin da ake so shi ne a riƙa ƙulla wa ɗan makaranta ɗaya daga cikinsu maimakon a miƙa masa kuɗi. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi gyaɗa ko aya ko gurjiya ƙwaya-ƙwaya yana wasa, tana iya sarƙe shi, a daka masa.

Sai maganar ƙwai. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa yaro in ya saba da ƙwai zai yi sata, ko mai ciki in ta ci za ta haifi ɗa marar gashi. Babu gaskiya a ciki. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro, tun daga wata 6, in an dafa shi ya dahu sosai an murmushe. Muna kiwon kaji da zabi, mu kwashe ƙwan duka mu kai kasuwa, mu sayo biskit da kuɗin. Ki dubi wannan ciniki da kyau ki ga wa ya ci riba.

Ke fa, uwar gida?

A gidaje da yawa mace ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen ci, wani lokaci ƙanzo ne rabonta. Ana ganin haka kamar kunya ce ko kara, amma jikin da yake ɗauke da ciki ko yake shayarwa ba ya aiki da kara. Mai ciki tana bukatar ƙarin ɗan abinci sau ɗaya a wuni a kan wanda ta saba, mai shayarwa sau biyu. Kofin kunun nan mai kauri kafin ki fita, da gyaɗa ko dabino a ƙulle a bakin zane, sun isa su raba ki da jirin hantsi. Ki ɗebi naki lokacin da kike rabo, kada ki jira abin da ya rage. Mai ciki ta je awo, ta kuma sha ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta, zogale ba ya maye gurbinsu.

Tambaya ga taro: wace hanya za a bi a fahimtar da maigida da uwar miji wannan magana ba tare da an yi rigima ba? Wadda ta taɓa gwadawa ta ba mu labari.

Mu yi lissafi

Ga misali, a sa a allo ko a zana a ƙasa. Mace tana da yara 3 'yan makaranta, kullum tana ba kowanne naira 100 na kashewa. A rana naira 300 ke nan. A kwana 5 na makaranta, naira 1,500. A mako 4, naira 6,000. Kowa ta sa nata adadin ta lissafa. Sannan a tambayi wadda ta je kasuwa wannan makon: nawa ne mudun gero, nawa ne na waken soya, nawa ne na gyaɗa, nawa ne kuɗin niƙa? A haɗa a gani, kuɗin nan na wata guda garin kunu nawa za su yi, kuma zubi nawa za su biya.

Abin da mace ɗaya ba za ta iya ba, ƙungiya za ta iya. Wannan tsari na akwati da muke bi ya faro ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991, kuma wasu daga cikinsu ba su tsaya a kan kuɗi kawai ba, har rumbun hatsi suka kafa don lokacin da abinci yake tsada. Mu ma za mu iya sayen wake da waken soya da gyaɗa da kaka, lokacin da suke da araha, mu ajiye zuwa damina. Wake a shanya shi ya bushe sosai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai tsabta a cika ta har wuya a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska. Kada a zuba wa abin da za a ci maganin feshi ko fiya-fiya, guba ce. Gyaɗa a ajiye ta da kwansonta, a bushe, a kan katako ba a ƙasa ba.

Aikin garin kunu ma ya fi sauƙi a taru. Mata biyar su haɗu rana ɗaya, wata na tsinta, wata na suya, wata ta kai niƙa, itace ɗaya, tafiya inji ɗaya, a raba kowa gwargwadon abin da ta kawo. A rubuta a littafi don kada a yi musu.

Wadda take son ta ɗauki rance ta mayar da wannan sana'a, garin kunu ko awara ko kantu, ta fara da kaɗan ta ga ko unguwa za ta saya. Wajen sa farashi ta lissafa komai: hatsi, niƙa, itace, leda, kuɗin mota, da wahalarta. Da yawa muna manta itace da leda, sai mu ga ana ciniki amma ranar biya ba kuɗi. Kuma ta ware na gida daban tun kafin ta fara ƙullawa, kada a wayi gari 'ya'yan maƙwabta suna shan kunun, nata suna shan farau-farau.

Aikin mako

Kafin a tashi, a raba 'yan ƙungiya gida-gida, mata huɗu ko biyar da suke kusa da juna. Kowane rukuni ya sa ranar da zai haɗa garin kunu, ko da gwangwani 6 da 3 da 1 ne kawai. Mace biyu su ɗauki nauyin gwada dafa wake a kwando su zo su faɗi awa nawa ya ɗauka. Kowa kuma ta riƙe lissafin kuɗin da ta ba yara na kashewa har kwana bakwai, wadda ba ta rubutu ta riƙa jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani duk naira 50. A zo da gwangwanin taro mai zuwa, magatakarda za ta ƙirga bayan an gama zubi.